Sojojina a Dwarf Fortress suna zuwa fagen daga ɗaya bayan ɗaya: ina mafita?

Ɗan Bukoki, daga Yamai

Assalamu alaikum, yayyena da ƙannena. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni ƙwarewa a Dwarf Fortress, wasan kwamfuta da ake gina kagarar wadanni ana tafiyar da ita, musamman a fannin soja, domin a nan ne al'amura suke kwaɓe mini. Sigar da nake bugawa ita ce wadda ta fito a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, a watan Disamba na 2022, mai zane da hotuna, ba tsohuwar mai haruffa zalla ba. Noma da haƙar dutse da ƙira da ciniki duk sun zauna da gindinsu, wadannin da ke cikin kagarata sun haura 80, rumbuna cike suke, kuma ayarin fatake yana zuwa kowace kaka ya koma da riba.

Da na ga jama'a ta yi yawa, sai na naɗa kwamandan mayaƙa, na kafa rukuni biyu, kowanne da mutum 10: na farko masu gatari da takobi, na biyu ƴan baka. Na zaɓa musu kayan yaƙi na ƙarfe, na kuma keɓe musu ɗaki guda a matsayin bariki. Da rundunar goblin, miyagun halittun da ke kawo wa kagara hari a wasan, ta ɓullo a bakin taswira, na dakatar da wasan, na zaɓi rukunan biyu, na ba su umarnin kashe maharan. Abin da ya biyo baya bai cancanci a kira shi yaƙi ba. Mutum ɗaya ya fita a guje shi kaɗai, da riga da wando na gida, da garkuwa a hannu ba tare da makami ba. Biyu suka bi bayansa da tazara mai yawa. Kwamandan kansa yana can ƙasa yana neman takalmi, wani yana barci, wani ya tafi cika salkarsa. Ƴan baka kuwa, maimakon su tsaya daga nesa su yi harbi, sai suka kutsa cikin abokan gaba suna dukansu da bakunan, aka kuma gama da su nan take.

Abin da nake son sani shi ne yadda ake sa rukuni ya tashi tare ya isa tare, da dalilin da ya sa ba sa sanya kayan da na ba su, da kuma yadda ake hana ƴan baka wannan wautar. Idan akwai abin da ya kamata a ce an shirya tun kafin ranar hari, ina roƙon a yi mini bayaninsa dalla-dalla. Allah Ya saka da alheri.

Malamin Lissafi, daga Tawa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya same ka ya sami kusan duk wanda ya shigo wannan wasa daga wasannin da ake danna soja ya tafi nan take. Tarn Adams da ɗan'uwansa Zach, waɗanda suka fara sakin wasan a 2006, sun gina kowane wada da yunwarsa da barcinsa da tsoronsa da kayan da ya mallaka, kuma shiga soja ba ya raba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Umarninka yana iske kowane mutum a inda yake da kuma halin da yake ciki: na kusa da ƙofa ya fita, na bene na goma a ƙarƙashin ƙasa ya fara hawa matakala, wanda kayansa ke warwatse a rumbuna uku ya tafi tattaro su. Saboda haka yaƙin naka ya riga ya lalace tun kafin ka danna umarnin kisa, kuma gyaran ma tun kafin wannan lokacin ake yin sa.

Ka fara da batun sutura. A cikin jadawalin kowane rukuni akwai tsare-tsare huɗu da wasan ya zo da su: hutu, horo bi da bi, horo ba tsayawa, da zaman shiri. Idan rukuni yana kan hutu, sojojin sukan koma tufafin gida, su sa kayan yaƙi sai an ba su umarni, wanda shi ne ya sa kwamandanka yake neman takalmi alhali maƙiya suna bakin ƙofa. Ka shiga gyaran jadawalin, ka sauya wannan zuwa sanya kayan yaƙi a kowane lokaci, ko suna aiki ko suna hutu. Za su ɗan yi nauyin tafiya a farko, amma ƙwarewar ɗaukar sulke tana ƙaruwa da horo, nauyin kuma yana raguwa a jikinsu gwargwadon ƙwarewar.

Bayan haka ka duba ko ka bar kayan yaƙin a kan tsarin sanyawa bisa tufafi ko kuwa tsarin maye gurbin tufafi. Wannan ƙaramin zaɓi ya kashe sojoji da yawa. Wada mai takalmin gida a ƙafarsa ba zai iya ɗora takalmin ƙarfe a kai ba, haka nan wata hular takan hana kwalkwali zama, sai ka ga mutum ya fita da kai a buɗe alhali kwalkwalinsa yana ajiye da sunansa. Maye gurbin tufafi ya fi, amma da sharaɗin kayan sun cika, domin idan ka umarce shi ya tuɓe tufafinsa alhali babu sulken ƙafa a rumbu, zai yi yawo tsirara, ransa kuma zai ɓaci. Ka yi lissafi da kyau: mutum 10 suna buƙatar kwalkwali 10, rigar sulke 10, farantin ƙirji 10, sulken ƙafa 10, garkuwa 10, safar ƙarfe ta hannu 20 da takalmi 20. Zaɓar kayan ƙarfe a jerin ba ya ƙera ko guda ɗaya. Maƙeri ne zai ƙera. A shafin kayan rukuni, kore yana nufin abin yana jikin sojan, ja yana nufin babu shi, kuma duk lokacin da sabbin kaya suka fito daga maƙera sai ka danna sabunta kaya domin a sake rabo.

Akwai kuma tarkon da ba a rubuta shi a ko'ina a fuskar wasan ba. Mahaƙi da mai sarar itace da maharbi kowannensu yana da kayan sana'arsa, diga ko gatari ko baka, kuma wasan yana ɗaukar waɗannan a matsayin sutura ta daban wadda ke karo da ta soja. Idan ka sa ɗayansu a rukuni ba tare da ka cire masa wannan aikin ba, zai riƙa ajiye wannan ya ɗauki wancan, kuma ina kyautata zaton mutumin da ya fita da garkuwa ba makami ɗaya ne daga cikinsu. Ka cire musu aikin, ko ka bar su a farar hula.

Yanzu ga batun umarni. Umarnin kisa ba shi ne na farko ba, sau da yawa ma ba a buƙatarsa. Na farko shi ne umarnin tsayawa a wuri. Ka zaɓi wani ɗaki ko lungu a cikin kagara, kusa da mashiga amma a bayan kwana ko a bayan rufaffiyar ƙofa, inda idonsu ba zai kai ga maƙiya ba, ka tara su a can. Wannan sharaɗin na rashin gani shi ne ginshiƙin abin, domin sojan wada da zarar ya hango abokin gaba yakan manta da wurin da ka tsayar da shi ya afka masa, ko da shi kaɗai ne a gaban mutum ashirin. Ka bar lokaci ya tafi, ka ƙirga su da idonka, ka duba jikin kowa. Sai sun hallara sannan ka ba su wurin tsayawa na biyu, mai ɗan nisa kaɗan, inda za su yi arba da maƙiya, ko kuma ka buɗe ƙofa ka bar maƙiyan su iso gare su. Tafiya gajera ba ta ba masu sauri damar barin masu nauyi a baya. Tafiya doguwa kuwa takan mayar da rukuni jerin gwano.

Kada ka dogara da janyewa. Wanda ya riga ya shiga artabu ba ya jin kira, sai ya kashe ko a kashe shi ko tsoro ya kore shi. Ka kuma tuna cewa umarnin tsayawa ba ya ƙarewa da kansa. Idan yaƙi ya ƙare ka manta ba ka soke shi ba, za su ci gaba da tsayuwa suna cin guzurin jakunkunansu suna shan na salkunansu, suna tara ɓacin rai saboda doguwar gadi, har ka rasa dalilin da ya sa jarumanka suka fara fasa kujeru.

A ƙarshe, bariki ya kasance kusa da mashiga, rumbun makamai da sulke kusa da shi, da ɗan abinci da abin sha a gefe. Kuma keɓe ɗaki kaɗai bai isa ba: dole ka shiga bayanin ɗakin ka ba rukunin izinin yin horo a ciki, in ba haka ba jadawali zai ce suna horo alhali ba su da inda za su yi shi.

Ƴar Harobanda, daga Yamai

Gaisuwa ga Malam, da kuma ɗan'uwa mai tambaya. Duk abin da Malam ya faɗa game da sutura da tara sojoji haka yake, zan ɗora ne a kan ƴan baka, sannan in faɗi inda na ɗan saɓa masa.

Ɗan baka yana ruga wa abokin gaba ne idan kibau sun ƙare masa, ko kuma tun farko ba shi da su, kuma yana da hanyar da zai bi ya isa gare shi. Saboda haka abu biyu za ka duba. Na farko, kowannensu yana buƙatar kwari na fata, domin ba tare da kwari ba ba zai ɗauki kibiya ko ɗaya ba, kuma mutane da yawa sukan ƙera bakuna su manta da shi. Kibau kuma su wadata: sandar ƙarfe guda tana ba da 25, ana kuma yin su da itace ko ƙashi, waɗanda suka isa a yi atisaye da su. Idan kana da maharba farar hula, su ma suna riƙe nasu kason, sai ka ga rumbu da kibau amma sojoji hannu wofi. Filin harbi kuma daban yake da bariki: ana kafa abin bara, a keɓe wurin, a nuna ɓangaren da za a riƙa harbowa daga gare shi, a kuma ba rukunin izini. Idan aka kuskure ɓangaren, babu wanda zai yi harbi.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a ganina, shi ne ka toshe musu hanyar wauta da gini, tunda ba ta toshuwa da umarni. Ka gina musu ɗaki a saman mashiga, bene ɗaya sama da inda maƙiya za su bi, bangonsa na gaba ya zama ganuwa mai kafofin harbi. Ɗakin ya zama siriri, faɗinsa taku ɗaya ko biyu, saboda sai sun manne da ganuwar suke harbi sosai ta kafofin, kuma umarnin tsayawa ba ya kafa mutum a taku guda, yakan bar shi ya yi ta kai da komo a kewayen wurin. Ka yi masa rufi. Wadanni suna hawa bango, kuma ɗan bakan da kibansa suka ƙare zai haura ganuwa marar rufi ya dira cikin maƙiya. Matakalar ɗakin ta sauka can cikin kagara, nesa da fagen, da tarin kibau a kan hanyar, ta yadda idan kwarinsa ya zama fanko, kibau sun fi kusa da shi fiye da goblin. Ka sani kuma cewa ƙwararrun maharban maƙiya suna iya zura kibiya ta waɗannan kafofi, don haka ƴan bakanka ma su sa kwalkwali da sulke.

Inda na saɓa wa Malam shi ne batun fita tarar maƙiya ko da tafiyar gajera ce. Rukunin da bai daɗe da kafuwa ba ba shi da abin yi a fili. Gada mai ɗagawa, wadda aka haɗa da marikin ja ta hanyar na'urorin dutse, ita ce sojan da ba ya barci: idan ta ɗaga ta zama bango, kuma a sigar 2022 tirol, manyan dodannin da goblin kan zo da su, masu ɓalle ƙofofi, ba sa iya karya ta. Marikin ya kasance kusa da ɗakin cin abinci, inda ba a rasa mai zaman banza da zai ja shi da sauri. A gaban gadar ka yi dogon lungu mai lanƙwasa, ka jera tarkunan keji a cikinsa, ɗakin ƴan baka yana kallonsa daga sama. Duk goblin da ya taka tarkon keji ya shiga hannu ba tare da digon jini ba, daga baya ka tuɓe masa makamai ka narkar, ko ka sa wa naka sojojin, tunda girman jikinsu ɗaya ne da wadanni. Sulken da fatake ƴan Adam ke kawowa kuwa ya yi wa wadanni girma, kada ka ɓata dukiya wajen sayensa. Sojojin gatari su jira a ƙarshen lungun domin waɗanda suka tsallake.

Kada kuma ka bar sojoji su yi faɗa a kan gada ko a bakin rami ko ruwa. Kaucewa sara tana sa mutum ya yi tsalle gefe, kuma wasan ba ya duba ko akwai ƙasa a gefen. Mai sulken ƙarfe da ya faɗa kogi da wuya ya fito.

Farar hula ma suna buƙatar nasu shirin, domin da zarar an kashe mutum a waje za su fita ɗebo safarsa da takalminsa a tsakiyar yaƙi. Ka shata yankin mafaka a cikin kagara wanda ya haɗa da abinci da abin sha da gadaje da marikin gada, ka sa kowa a ciki idan hari ya zo. Masu amfani da DFHack, wata manhaja da ake ƙara wa wasan, suna da kayan aikin da ke kiran farar hula zuwa mafaka da dannawa ɗaya. Kare ko wata dabba da aka ɗaure a bakin hanya takan tona asirin masu kwanton ɓauna da ɓarayin yara tun suna nesa.

Ɗan Bukoki, daga Yamai

Na gode ƙwarai, Malam, na gode, Yaya. Na duba, kuma lallai biyu daga cikin masu gatarin masu sarar itace ne, kwari kuma guda uku kacal ke cikin kagarar duka. Na sake kafa rukunin da sabbin baƙi, na sa su kan horo ba tsayawa, amma ga wata sabuwa: yawancin lokaci ina ganinsu a tsaye suna jiran a shirya darasi, ƙwarewarsu ba ta tashi yadda nake so, wasunsu kuma sun fara nuna alamun damuwa. Sannan a ƙasata jan ƙarfe da azurfa ne suka yi yawa, baƙin ƙarfe kaɗan ne. Da wanne ya kamata in fara, kuma wane makami ya fi dacewa da abin da nake da shi?

Ɗan Wadata, daga Yamai

Abokina, horo ba tsayawa ga mutum 10 a lokaci guda shi ne hanya mafi saurin samun sojoji masu baƙin ciki. A cikin umarnin horo na kowane wata akwai adadin mafi ƙarancin mutanen da dole su kasance a bakin aiki. Idan adadin ya yi daidai da yawan rukunin, babu mai samun sararin zuwa wurin ibada, ko ganin iyalinsa, ko zama a ɗakin shaƙatawa, alhali kowane wada yana da irin waɗannan buƙatu, kuma rashin biyansu ne ke taruwa ya zama damuwar da kake gani. Ka rage adadin, ko ka koma horo bi da bi. Shekarar wasan wata 12 ce, kowane wata kwana 28, kuma kana iya tsara kowane wata daban: rukuni ɗaya yana horo yayin da ɗayan ke hutu sanye da kayansa, ta yadda babu watan da mashiga za ta zama ba kowa.

Game da jinkirin ƙwarewa, horo a bariki iri uku ne. Akwai atisayen mutum shi kaɗai, akwai darasin da ɗaya ke koya wa sauran, akwai kuma gwabzawa tsakanin mutum biyu. Darasi ne ke cin lokaci, domin sai an jira kowa ya hallara, kuma idan malamin kansa bai san komai ba, abin da zai koyar kaɗan ne. Gwabzawa ita ce ke ɗaga ƙwarewa da sauri, tana kuma haɗa makami da garkuwa da kaucewa da sulke a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa kallon ƴan kokowa suna shirin gasar takobi ya san cewa a kama juna biyu-biyu ake koyon kaye, ba a zaman sauraron bayani ba. Shi ya sa masu wasan da yawa suke kafa ƙananan rukunai na mutum 2 ko 3, ko kuma su raba umarnin horon wata zuwa umarni da dama, kowanne da mafi ƙarancin mutum 2. Ni na fi son ƙananan rukunai tun farkon wasa: daga cikin wadanni 7 da ake farawa da su, ko daga ayarin baƙi na farko, a ware biyu su yi ta gwabzawa. Kafin jama'a ta kai 80, wanda shi ne lokacin da manyan hare-haren goblin kan fara a saitin da wasan ya zo da shi, waɗannan biyun sun zama gwanaye, kuma su ne za su zama kaftin-kaftin masu koyar da sabbin shiga. Gwani ɗaya mai cikakken sulke ya fi ɗanyun kurata goma amfani, ba kusa ba.

Wajen zaɓar mutane, ka buɗe bayanin kowa ka karanta. Wanda ya zo da ɗan sanin makami ya fi, domin wanda bai taɓa riƙe makami ba yakan ji haushin ɗaukarsa soja. Ka guji mai saurin karaya da damuwa, ka guji gwanin maƙerinka da likitanka, ka kuma yi hattara da mace mai goyo, domin da jaririnta za ta shiga fagen daga. Rukuni kuma ya zama na makami iri ɗaya gwargwadon iko, saboda darasin gatari ba ya amfanar mai mashi.

Wani abu da ake mantawa shi ne rana. Wadan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa bai ga haske ba, ranar da ya fito sai jiri da amai su kama shi, kuma sojan da ke amai ba ya tare sara. Idan barikin yana wurin da hasken rana ke sauka, kamar fili mai katanga a saman kagara, wannan matsalar ba ta tasowa.

Malamin Lissafi, daga Tawa

Bari in amsa batun ƙarfe, ƙanena, tunda Ɗan Wadata ya gama da horo. Azurfa ba a yin sulke da ita, kuma takobinta ko gatarinta ba su da kaifin kirki, amma nauyinta ya sa ta dace da gudumar yaƙi da kulki. Tunda ita ce ta yi maka yawa, ka mayar da rukuni ɗaya masu guduma. Guduma tana karya ƙashi ta cikin sulke, ba sai ta huda shi ba. Ita ce kuma ta fi dacewa da gawarwakin da matsafa ke tayarwa, domin hannun da gatari ya datse yana iya sake tashi ya ci gaba da faɗa, wanda aka niƙe kuwa ya tafi ke nan. Jan ƙarfe shi ne mafi rauni a cikin ƙarafan sulke, amma ya fi fata nesa ba kusa ba, kuma idan ka samu kuza, daga ƙasarka ko daga fatake, ka haɗa su ka sami tagulla, wadda ba ta da nisa da baƙin ƙarfe wajen inganci. Baƙin ƙarfen da kake da shi kaɗan, ka fara kashe shi a kan kwalkwali da rigar sulke. Idan kana da dutsen farar ƙasa ko marmara da isasshen gawayi, kana iya sarrafa shi ya zama tataccen ƙarfe, wanda ya fi su duka a sulke da makamai masu kaifi. Garkuwa kuwa ka yi ta da itace, domin tare sara ba ya dogara da abin da aka yi ta da shi, kuma ta itace ba ta da nauyi.

Ƴar'uwarmu ta Harobanda ta yi gaskiya cewa gada da tarko sun fi ɗanyun sojoji, ban musa ba. Sai dai ina jan kunne kada a jingina da su har a yi sakaci da horo. Dodannin da ke fitowa daga kogon ƙarƙashin ƙasa ba sa faɗawa tarko, wasunsu suna tashi sama, kuma ta ƙasa suke zuwa, ba ta gadar da aka gina a sama ba. Ranar da ɗayansu ya hau matakala, abin da ke tsakaninsa da ɗakin cin abinci shi ne mutanen da suka yi shekaru suna gwabzawa a bariki. A irin wannan ranar ce umarnin kisa yake da amfani, tunda abokin gaba ɗaya ne kuma an san inda yake, amma ko a nan sai an tara su tukuna. Kafin ka tura su, ka karanta bayanin dodon: idan yana fesa ƙura mai guba ko yana saƙa yana, toshe hanyar da bango ya fi tura mutane.

Wajen zaɓar wanda za a kashe, ka duba sunan da kyau kafin ka tabbatar. Idan ka umarci sojoji su kashe fataken ƙasarku ko wani ɗan kagara, waɗanda suka yi kisan sukan zama maƙiyan jama'arsu, sauran su far musu, masu far musun su ma su shiga cikin rikicin, har kagara ta cinye kanta.

Ƴar Harobanda, daga Yamai

Na karɓi maganar Malam game da dodannin kogo, shi ya sa ni ma nake sa gada ta biyu a kan matakalar da ke sauka can. Abin da ban ga an ambata ba shi ne asibiti, kuma ɗan'uwa zai buƙace shi tun a hari na gaba. Ka keɓe ɗaki kusa da bariki da gadaje da tebur da akwatuna, ka naɗa babban likita, ka tabbatar akwai zare da ƙyalle da karan ɗori da sandunan dogarawa da bokiti da sabulu. Sabulu yana da wahalar haɗawa, tunda sai da toka da kitse ko mai, amma shi ke rage ruɓewar rauni, kuma sojan da ya tsira daga gatari yana iya mutuwa daga baya saboda ƙaramin yanka da ya ruɓe. Majinyaci ruwa kaɗai ake ba shi, saboda haka rijiya ta kasance a cikin kagara, ba a waje inda maƙiya ke tsaye ba, kuma a ƙasa mai sanyi ta kasance inda ba za ta daskare da hunturu ba. Wanda dabba mai rikiɗa ta ciza har ta fasa fata, ka keɓe shi a ɗaki ka toshe ƙofar da bango kafin wata ya cika, domin shi ma zai rikiɗa a kan gadon asibitin. Waɗanda suka mutu a harin farko kuma ka yi musu akwatin gawa da kabari, wanda ba a samu gawarsa ba ka sassaƙa masa allon tunawa, in ba haka ba fatalwarsa za ta dawo ta addabi masu rai.